Dillalan Littafi da Fim, Jiya da Yau

Kowa ya san aikin dillali a kara: ya duba haƙoran bijimi ya faɗi shekarunsa, in ya yi ƙarya gobe ba mai neman sa. To, littafi da fim ma suna da nasu dillalan, su ne masu sharhi.

A da, 'yan tsiraru ne ke riƙe da wannan aiki. A 1933, Rupert East ya shirya gasar rubutu a Zariya, aka zaɓi littattafai biyar, ciki har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Abin da suka zaɓa, shi yara suka karanta a makaranta.

A shekarun 1990 littattafan soyayya suka cika Kano. Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, ya kushe su. Abdalla Uba Adamu ya kare su, ya ce ai sun sa jama'a karatu. An daɗe ana fafatawa a jaridar New Nigerian, kowa da sunansa, kowa da hujjarsa. A 1999 Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim, lokacin da fatake ke tsallaka iyaka da kaset ɗin Kano zuwa Kamaru da Nijar.

Sai waya ta shigo hannun kowa. A 2016 gwamnatin Najeriya ta so gina alƙaryar fim a Ƙofa, jihar Kano. Malamai suka soki shirin a kan mumbari, Facebook ya ɗauki zafi, aka janye shi. A shekarar ne kuma ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon wata waƙa, bayan surutu ya yi yawa. Kun ga, hukunci ya riga sharhi fita.

Akwai alheri a ciki: yau matashi a Yawunde zai faɗi ra'ayinsa Kano ta ji a take. Amma mai ɓoye sunansa, in ya ɓata abincin wani, wa zai kama shi?

Saboda haka aikin mai sharhi bai mutu ba, sauyawa ya yi. Da shi ke tsaron ƙofa, yanzu kuwa sai dai ya tsaya cikin hayaniya ya kawo dalili. In an turo muku saƙo ana tsine wa wani fim, ku fara tambaya: wa ya faɗa, kuma ya kalla kuwa?