Jirgin da ya nutse a Jebba, da yadda za a gina shi da yumɓun Mirriya

A tashar jirgin ƙasa ta Jebba, cikin jihar Kwara ta Najeriya, akwai wasu tsofaffin ƙarafa a ajiye: farfela da ragowar injin wani jirgin ruwa mai suna Dayspring. Suna cikin jerin kayan tarihin da gwamnatin Najeriya ta keɓe. Jirgin ya nutse ne ranar 7 ga Oktoba 1857 a kogin Kwara, wanda mu a Nijar muke kira Isa. Ba a harba bindiga ba, ba wanda ya mutu. Dutse ya daka a ƙarƙashin ruwa, ya karkace, ruwa ya cika shi.

Turawa da Japanawa suna da wata sana'ar nishaɗi ta gina ƙananan jiragen yaƙi da suka nutse. Mutum zai ɗauki Bismarck na Jamus, wanda ya nutse a watan Mayu 1941, ko Yamato na Japan da ya bi shi a Afrilu 1945, ya ƙera shi ɗan mitsitsi bisa ma'auni, ya kwantar da shi a kan yashi cikin akwatin gilashi, ya shafe watanni yana gyara launin tsatsa. Faransawa na kiran irin wannan aiki maket, idan kuma an haɗa da wurin da abin ya faru gaba ɗaya, su ce diyorama. Ina ganin aiki ne da ya dace da darasin tarihi a makarantunmu, domin yana tilasta wa ɗalibi ya auna, ya zaɓa, ya kuma kare zaɓinsa. Idan za a yi shi a Mirriya, garin maginan tukwane, Dayspring ya kamata a gina, ba Bismarck ba. Kuma kada a gina shi yadda waɗancan suke yi, jirgi shi kaɗai cikin ruwa ba kowa.

Wani zai ce ai Dayspring ba jirgin yaƙi ba ne. Da gaskiyarsa. Ɗan kasuwar Liverpool Macgregor Laird ne ya samar da shi bisa kwangila da gwamnatin Ingila. Amma shugaban tafiyar, William Baikie, likitan sojan ruwa ne, kuma akwai hafsan sojan ruwa John Glover a ciki, aikinsa auna kogi da zana taswira. Taswirar da ta nuna wa jirgin ciniki hanya ita ce ta nuna wa jirgin bindiga. A 1879 jirgin yaƙin Ingila mai suna Pioneer ya hau kogin nan ya yi wa Anaca ruwan wuta.

Kafin 1857 zazzaɓi ne ke tsare kogin. A 1841 Ingila ta turo jirage uku, Turawa 145 a cikinsu, fiye da 40 suka mutu. A 1854 Baikie ya shigo da jirgin Pleiad, Turawa 12 da baƙaƙen fata fiye da 50, ya sa ana shan kinin kullum, ya hau Binuwai ya komo ba a rasa rai ba. Wannan ya ba su ƙwarin gwiwar dawowa. Dayspring ya shiga bakin kogi a Yuli 1857, ɗauke da Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben nan da aka ƴanta daga jirgin bayi, daga baya ya zama bishof. Suka ajiye masu wa'azi a Anaca, suka wuce mahaɗar Kwara da Binuwai, suka shiga ƙasar Nufe. Sun tarar da Nufawa sun fito daga yaƙin basasa: a shekarar nan aka ci Umaru Bahaushe, sarkin yaƙin da ya ƙwace mulki, Usman Zaki da Masaba kuma suna sansani a Bida, wurin da ya zama babban birnin ƙasar. Nufe na ƙarƙashin Gwandu, Sarkin Musulmi kuwa Aliyu Babba ne, kuma Sakkwato baƙin suke son kaiwa. Sun wuce Raba da kaɗan dutsen Jebba ya tare su.

To, ga katako a gaban ɗalibai. Tambaya ta farko ita ce ma'auni. A 1/100, kowace mita ɗaya ta zama santimita ɗaya. Jirgi mai mita 25 zai zama santimita 25, ɗan fiye da taƙi, mutum kuwa ba zai kai santimita 2 ba, kamar kwanson gyaɗa ƙarami. Kogi mai faɗin mita 500 zai nemi katako mai mita 5, wato aji ba zai ɗauke shi ba. Nan ɗalibi zai fara ganin abin da littafi bai faɗa masa ba: jirgin da ya cika shafi guda a hoto ɗan ƙaramin abu ne a kan wannan ruwa. Dole a yanki wuri. Katako mai mita ɗaya da santimita 60 zai ɗauki fili mai mita 100 da mita 60, shi ke nan. Me za a sa, me za a bari?

Ni dai shawarata, a ba ruwa da jirgi kashi ɗaya cikin uku, sauran a bar wa gaɓa. A kuma zaɓi washegarin haɗarin, ba lokacin da jirgin ke tafiya ba. Dalili kuwa, abin da ya sauya tarihi a kan tudu ya faru. Mutanen jirgin sun zauna a gaɓar nan wajen shekara guda, kafin wani jirgi mai suna Sunbeam ya zo musu a 1858. Shekara guda ba tare da inji ba, suna cin abincin Nufawa, suna hawa kwalekwalen Nufawa, suna zaune da yardar sarakunan ƙasar. Duk wanda ya gina gawar jirgin kawai ya nuna Bature a matsayin mai wurin, alhali a ranar nan shi ne baƙon da ke neman masauki. Kogin yana da masu shi: Kede, masu manyan kwalekwale da ke riƙe da sufurin wannan yanki, suna ɗaukar fatake da kaya suna karɓar kuɗin fito. Su ya kamata su fi yawa a kan katakon, sai ma'aikatan jirgi ƴan Kuru daga gaɓar Laberiya, sai mata masu tallar abinci. Turawa ƴan kaɗan ne.

Daga zaman nan abubuwa biyu suka fito, dukansu sun shafi Bahaushe. Baikie bai koma gida ba. Ya sauko mahaɗar koguna ya kafa zango a Lakwaja da izinin Masaba, ya koyi Hausa har ya fassara Zabura da ita, ya je Kano a 1862, ya mutu a Saliyo a Disamba 1864 a hanyarsa ta komawa. Lakwajar nan ce ta zama cibiyar Ingila a kan kogi, kuma a nan Lugard ya ɗaga tuta ranar 1 ga Janairu 1900.

Na biyun ya fi nauyi. Glover, da ya rasa jirgi, ya bi ta ƙasa tsakanin Jebba da Legas, ta ƙasar Yarabawa. A tafiye-tafiyen nan ya saba da Hausawa bayi da suka gudu daga iyayengijinsu, suna yi masa rakiya da dako. Da ya samu mulkin Legas, a 1863 ya kafa ƴar ƙaramar runduna daga irin waɗannan mutane, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Sojan Najeriya na yau daga nan yake lissafin haihuwarsa. An kai su yaƙin Ashanti a 1873 zuwa 1874. Sunan ya bi aikin, har ya zama duk baƙin sojan Ingila a Afirka ta Yamma ana iya ce masa Bahaushe ko da Hausar bariki kawai yake ji. A 1897 dakarun kamfanin Goldie suka ci Bida da Ilori. Lugard ya kafa hedkwatarsa a Jebba, kusa da inda jirgin ya nutse, kafin ya koma Zungeru a 1902. Kano ta faɗi a Fabrairu 1903, Sakkwato a Maris, kuma yawancin waɗanda suka riƙe bindigogin da Hausa ake ba su umarni.

Nan ne malami zai yi hattara, kada darasin ya koma zagin Nasara kawai. Waɗannan bayi da suka gudu zuwa wurin Glover, wa ya kamo su? Daga garuruwanmu aka ɗebo su, kuma sau da yawa sarakunanmu ne suka yi harin. Muna da shaida daga ƙasar nan tamu. Dorugu ɗan Dambanas ne, kusa da Kance. Yana yaro aka kama shi, aka bi da shi ta Damagaram zuwa Kukawa, inda Bajamushe Overweg ya ƴanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya mutu a 1852 suka bi Heinrich Barth, kuma a Disambar wannan shekara ayarin Barth ya ratsa Mirriya kafin ya shiga Zinder ranar 25 ga wata. Wato yaran nan biyu sun taka ƙasar garin nan. Barth ya tafi da su Ingila a 1855. Daga bakin Dorugu James Schön ya rubuta labaran da suka fito a Magana Hausa a 1885, kuma Dorugu ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912, yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa. Abbega ya komo Afirka a 1857, shekarar Dayspring, ya yi wa Baikie tafinta, daga baya ya zama sarkin Lakwaja. Idan ɗalibi ya tambayi abin da ya haɗa Mirriya da jirgin da ya nutse nesa haka, sai a nuna masa siffar tafinta da ke tsaye tsakanin likita da ɗan aiken sarki.

Akwai kuma haɗin da ya fi wannan girma, wato iyaka. A shekarun da jirgin ya nutse, Sarki Tanimun na Damagaram yana gina ganuwar Birni, yana tara bindigogi, har igwa aka ƙera masa a Zinder. Fuskarsa na kallon Barno da Kano da hanyar Tarabulus, ba ruwansa da wani kogi a kudu. Amma saboda jiragen Ingila ne suka mamaye ƙasan kogin, taron Berlin na 1884 zuwa 1885 ya bar wa Ingila kula da shi. Ranar 5 ga Agusta 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, bisa sharaɗin duk abin da yake na Sakkwato ya faɗa wa kamfanin Ingila. Damagaram ba ta taɓa bin Sakkwato ba, sai ta faɗa rabon Faransa. An sake gyara layin a 1898 da 1904 da 1906. Faransawa ma da jirgi suka yi gaggawa: Gentil ya sa aka ɗauko Léon Blot gunduwa-gunduwa a ka, aka harhaɗa shi, ya shiga Cadi a Nuwamba 1897. Bayan an kashe Cazemajou a Zinder a 1898, aka yi Tirmini a Yuli 1899, Sarki Amadu Kuran Daga ya rasa gari, sannan ya rasa rai. Shi ya sa yau ɗan Mirriya ke karatu da Faransanci, ɗan'uwansa na Daura da Ingilishi, alhali kaka ɗaya ta yi musu tatsuniya.

Kayan aiki ba sai an aika Yamai ba. Gaɓa da dutse yumɓu ne, kuma a tambayi matan da ke ginin tukwane yadda ake haɗa shi don kada ya tsage, sun fi kowane littafi sani. A bar shi ya bushe a inuwa. Jikin jirgin ƙarfe ne, don haka gwangwanin madara ko na tumatir ya fi kwali dacewa. Yaran da ke ƙera motar langa-langa sun riga sun iya yanka da lanƙwasawa. A tuna jirgin farfela gare shi a baya, ba ƙafafun gefe ba, yana da bututun hayaƙi da itatuwan filafilai, kuma itace yake ci, saboda haka a tara ƴan guntayen kirare a gaɓa. Kada a yi masa tsatsa: kwana ɗaya ke nan da nutsewarsa. Kwalekwale daga totuwar kara, bukkoki daga ciyawa, tanti daga tsumman farin ƙyalle.

Ruwa shi ne mai wuya. Masu wannan sana'a a Turai suna zuba wani ruwan roba mai daskarewa, mai tsada. A nan ana iya shafa launi a kan katako, a bi shi da ƙaro da aka jiƙa ya yi kauri, shafi bayan shafi, kowanne ya bushe kafin na gaba. Yara za su miƙa hannu ga shuɗi, domin haka taswirar bango ta koya musu. A hana su. Oktoba lokacin cikar kogi ne a Jebba, ruwan damina ya kwaso laka, launinsa kamar kunun kanwa, kuma wannan duhun ruwa ne ya ɓoye dutsen. Tunda jirgin a karkace yake, rabinsa a nutse, sai a yanke gwangwanin a gicciye a manna abin da ya rage a sama kawai.

Mutanen su ne na ƙarshe, kuma a nan gardama za ta tashi. A santimita 2 ba a ganin fuska, sai tufafi da tsayuwa. Hausawan da ke gefen Glover, ɗalibai za su so su sa musu jar dara da bindiga, domin haka suke a hotunan da aka sani. A 1857 ba su da ko ɗaya. Bante ne da kaya a ka, wasunsu da tsagar garinsu a fuska, wadda ko da tsinin allura ba za ta fito a wannan ma'auni ba. Sai dai a rubuta ta a ƴar takardar da za a manna a gefen katako, tare da kwanan wata da ma'auni.