Me ke faruwa idan zuciyar kwamfuta ta tsaya?

Kowace waya ko kwamfuta tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita, kamar Windows ko Android. A tsakiyarta akwai ɓangaren da masana ke kira kanel, wato zuciyar manhajar, wanda ke raba aiki da ma'adana tsakanin sauran manhajoji. Wayoyin Android da ke hannun matasan Katabu, a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, duk a kan kanel ɗin Linux suke aiki.

Idan ƙaramar manhaja ta lalace, kanel yana rufe ta, na'ura ta ci gaba da aiki. Amma idan kuskuren ya auku a cikin kanel ɗin kansa, babu wanda zai cece shi, sai ya tsayar da komai don kada bayanai su gurɓace. Wannan ne shuɗin allon da masu Windows suka sani. Matsalar ita ce, shaidar abin da ya faru tana cikin ma'adanar wucin gadi, wadda ke gogewa da zarar an kashe na'urar.

Injiniyoyi sun ɓullo da dabarun ceto wannan shaida. A Linux, tsarin kdump yana ajiye kanel na biyu a gefe. Idan na farko ya faɗi, na biyun ya tashi ya kwafe abin da ke cikin ma'adanar. Tsarin pstore kuwa yana adana saƙonnin ƙarshe domin a karanta bayan an sake kunnawa. A Nuwamban 2024, Linux 6.12 ya zo da damar nuna lambar QR mai ɗauke da waɗannan saƙonni, ta yadda hoton waya zai isa a kai rahoto.

Muhimmancin hakan ya bayyana ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da wani sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft. An soke dubban tashin jirage, bankuna da asibitoci suka shiga tasku. Rahotannin da kwamfutocin suka bari sun nuna cewa manhajar kamfanin ce, wadda ke aiki a cikin kanel, ta nemi karanta wani gurbi na ma'adana da bai halatta ba.

Batun ya shafi siyasa kai tsaye. A Mayun 2018, Kaduna ta zama jiha ta farko a Najeriya da ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'urar kaɗa ƙuri'a, ta kuma maimaita a 2021. A zaɓen 2023, INEC ta dogara da BVAS wajen tantance masu zaɓe. Duk lokacin da irin wannan na'ura ta tsaya, bayanan da ta bari ne za su taimaka a bambance tangarɗa da maguɗi.

Sai dai cikakken kwafin ma'adana yana iya ƙunsar kalmomin sirri da bayanan jama'a. Don haka, tambayoyin da suka kamata a yi wa duk hukumar da ta sayi na'ura da kuɗin al'umma su ne: shin tana adana rahoton tsayawarta, wa ke riƙe da shi, kuma wane mai bincike mai zaman kansa ne aka yarda ya duba shi?