Sinhalawa da Matattunsu: Daga Tawayen Kudu zuwa Ambaliyar 2004



Ƙasar da zan yi magana a kanta yau ba baƙuwa ba ce ga malamanmu, domin ita ce tsibirin da littattafan Larabci ke kira Sarandib, inda ake cewa Annabi Adamu ya sauka, har Ibn Baɗuɗa ya hau dutsen nan mai alamar sawu a 1344. Turawa sun kira ta Silon, sai a 1972 ta ɗauki sunan Sri Lanka. Kimanin kashi 75 cikin ɗari na mutanenta Sinhalawa ne, akasarinsu mabiya addinin Buddha. Sauran kuwa Tamilawa ne da Musulmi da wasu 'yan tsiraru. Abin da nake so mu duba shi ne yadda talakan Sinhala yake yi da mamacinsa, gama a nan ne ake gane yadda ya jure wa masifun da suka auka masa tun daga 1971.

Bari mu fara da al'adar kanta. Idan mutum ya rasu, akan gayyato sufaye daga gidan ibadar ƙauye, a ba su farin ƙyalle a madadin mamaci. Sa'an nan dangi su zauna a tabarma, su kama buta tare, su dinga tsiyaya ruwa cikin ƙoƙo har ya cika ya tumbatsa, watau alamar ladan da suke aika masa. A rana ta bakwai akan ciyar da sufaye, haka kuma bayan wata uku, da bayan shekara. Wannan ciyarwa ita suke kira dana. Wanda ya san sadakar uku da bakwai da arba'in ba zai sha wuyar gane amfaninta ga masu rai ba, ko da yake aƙidar da ke ƙarƙashinta daban take ƙwarai: a wurinsu mamaci sake haihuwarsa za a yi, ladan kuwa zai kyautata masa inda zai faɗa. Amma a lura da sharaɗi guda. Ba a yin dana ta mamaci sai an tabbata ya mutu.

Duniya ta fi sanin yaƙin da aka yi tsakanin gwamnati da 'yan tawayen Tamil na ƙungiyar LTTE, daga 1983 zuwa Mayun 2009. Lalle ya taɓa Sinhalawa a wurare masu tsarki gare su. A Mayun 1985 'yan tawaye sun kashe mutum 146 a Anuradhapura, wasu a harabar itaciyar Bodhi wadda suke girmamawa fiye da kowace, a Janairun 1998 kuma aka tayar da bam a ɗakin ibadar Kandy inda ake ajiye haƙorin Buddha. Sojan da suka mutu a arewa galibinsu 'ya'yan manoma ne da rashin aiki ya tura soja. Duk da haka, raunin da ya fi zurfi a kudu ba Tamilawa suka yi shi ba. Sinhalawa ne suka yi wa junansu.

Sau biyu, a 1971 da kuma daga 1987 zuwa 1989, ƙungiyar JVP ta Rohana Wijeweera, wadda samarin karkara masu ilmi marasa aiki suka cika, ta yi wa gwamnati tawaye. A karo na biyu ƙungiyar ta kashe ma'aikata da 'yan siyasa da iyalan soja, gwamnati kuma ta rama da abin da ya fi haka muni. Akan zo da dare cikin mota marar lamba a ɗauki saurayi, da safe a ga gawawwaki suna ci da wuta a kan taya a bakin hanya, ko kuwa kogi yana tafe da su. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum dubu 40 zuwa dubu 60. An kashe Wijeweera kansa a Nuwamban 1989.

To, ina uwa za ta sa kanta? Ba ta ga gawa ba, ba ta da takardar shaidar mutuwa. In ta kira sufaye ta ba da farin ƙyalle, ta yanke wa ɗanta mutuwa da hannunta, alhali kuwa wataƙila yana tsare a wani sansani. In ta ƙi, kuma ya riga ya mutu, ta bar shi ba lada. Mata da yawa sun kwashe shekaru a tsakanin waɗannan biyu, suna yawo daga ofishin 'yan sanda zuwa gidan mai duba.

Daga cikin wannan hali ne Ƙungiyar Iyaye Mata ta fito a garin Matara a 1990. Shahararriya a cikinsu ita ce Dokta Manorani Saravanamuttu, mahaifiyar ɗan jarida Richard de Zoysa, wanda aka sace aka kashe a Fabrairun shekarar. Abin lura shi ne inda matan suka kai ƙara. Gidan sufaye wurin haƙuri ne da tuna cewa kome mai ƙarewa ne, ba a zuwa can neman fansa. Amma Sinhalawa suna da ɗakunan alloli, waɗanda suke kira dewale, sau da yawa a harabar gidan ibadar ma, kuma a nan ake kai kukan zalunci. Matan suka dinga taruwa a irin waɗannan wurare, har da ɗakin allahiya Kali a Modera cikin Kolombo, suna fasa kwakwa da ƙasa, suna tsine wa waɗanda suka ɗauke 'ya'yansu. 'Yan adawa sun ci moriyar wannan kuka, ciki har da Mahinda Rajapaksa, wanda daga baya aka zargi tasa gwamnatin da irin wannan aiki. Sa'ad da bam ya kashe Shugaba Premadasa ranar 1 ga Mayu 1993, mata da yawa sun ce addu'arsu ce ta ci. Gwamnatin da ta hau a 1994 ta kafa kwamitocin bincike, aka kuma sauƙaƙa ba da takardar mutuwa ga waɗanda suka ɓace. Sai a lokacin ne gidaje da yawa suka yi dana, wasu bayan shekara shida ko bakwai.

Yanzu mu juya ga teku. Ranar 26 ga Disamba 2004 girgizar ƙasa a gaɓar Sumatra ta tayar da igiyar ruwa wadda ta kashe fiye da mutum dubu 30 a Sri Lanka, Sinhalawa da Tamilawa da Musulmi. Ranar ta dace da cikar wata, watau poya, ranar hutu da ibada, saboda haka jirgin ƙasan da ya tashi daga Kolombo zuwa Matara maƙil yake. Ya tsaya a ƙauyen Peraliya, kusa da Hikkaduwa, sa'ad da igiya ta farko ta iso. Mutanen ƙauye suka ruga suka fake a bayansa, wasu suka miƙa 'ya'yansu ciki, suna zaton ƙarfe zai tsare su. Igiya ta biyu ta ɗauke taragun ta wurgar. Ana ƙiyasta mamatan da mutum 1,700 ko fiye, kuma ba a taɓa haɗarin jirgin ƙasa da ya kai shi ba.

Gidajen ibada yawanci a kan tudu ake gina su, don haka can jama'a suka gudu, suka zama sansani na makonni, ba a tambayi addinin kowa ba. Tsofaffi suka tuno labarin da ke cikin Mahawamsa, tsohon littafin tarihinsu, na yadda teku ta cinye ƙasa a zamanin Sarki Kelanitissa don ya kashe wani sufi, har ya sa 'yarsa Wiharamahadewi cikin kwalekwale ya miƙa wa ruwa. Wasu sufaye sun yi wa'azi cewa alhakin ayyukan mutane ne, maganar da ba ta yi wa iyayen jarirai daɗi ba, kuma ni ma ban ga hikimarta a wannan lokaci ba. Amma ga bambancin da nake nufi. An binne mutane da yawa a kabari ɗaya ba a tantance su ba, duk da haka ba wanda ya yi shakkar sun mutu, ba kuma wanda ya ji tsoron ambaton sunansu. Aka yi dana ta bakwai a cikin tantuna, aka yi ta wata uku. Kafin wata biyu jirgi ya koma bin hanyar. A 2006 aka buɗe babban mutum-mutumin Buddha a Peraliya da gudummawar Japan, an ƙera shi da siffar na Bamiyan wanda Taliban suka rusa a 2001. Kowace shekara ranar 26 ga Disamba ƙasa takan yi shiru na minti biyu.

Kada a ɗauka jinƙan nan ya daɗe. Yarjejeniyar raba agaji da yankin Tamil da aka sa wa hannu a 2005 kotu ta dakatar da ita, JVP da wasu sufaye 'yan siyasa suna kan gaba wajen ƙin ta, a 2006 kuma yaƙi ya dawo gadan-gadan. Bayan nasarar 2009 an gina wa soja hasumiyoyin tunawa, aka hana Tamilawa taron makokin dubban fararen hular da suka mutu a Mullivaikkal har tsawon shekaru. An kuma kai wa Musulmi hari a Aluthgama a 2014 da Digana a 2018, bayan wa'azin tunzuri na wasu masu sanye da rigar sufaye. Iyaye matan Tamil da suka fara zaman dirshan a bakin hanya a 2017, riƙe da hotunan 'ya'yansu, tambayar da matan Matara suka yi ita suke maimaitawa.

A 2016 majalisa ta zartar da dokar kafa ofishin neman waɗanda suka ɓace, ta kuma fito da takardar shaidar ɓata, domin iyali su iya taɓa gado da ajiyar banki ba tare da sun ce mutuminsu ya mutu ba. A Satumban 2024 kuwa aka zaɓi Anura Kumara Dissanayake, shugaban JVP ɗin nan da aka murƙushe a 1989, ya zama shugaban ƙasa.