Asabar ɗin Shiru a Kasuwar Sabon Gari

Cikin daren Juma'a, wayewar garin Asabar 26 ga Maris 2016, wuta ta tashi a Kasuwar Sabon Gari, wadda a hukumance ake kira Kasuwar Abubakar Rimi. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce shaguna kusan 3,800 ne suka ƙone. Wutar ta lashe jarin Bahaushe da na Ibo da na Bayarabe, Musulmi da Kirista, ba ta ware kowa ba.

Ga Kiristocin unguwar, ranar tana da wani nauyi na daban. Ista ta wannan shekara ta faɗo ne ranar Lahadi 27 ga wata, don haka gobarar ta zo a Asabar ɗin da ke tsakanin Juma'ar da suke tunawa da gicciye Yesu da Lahadin da suke murnar tashinsa. A bangaskiyarsu, yini ne da yake kwance cikin kabari, almajiransa sun ɓuya don tsoro, ba a ji komai daga sama ba. A cocin Katolika akan bar bagade a tuɓe, ƙararrawa kuma ba ta kaɗawa sai dare ya yi. Wato addinin ya ware wa shirun Allah yini guda a kalandarsa.

Unguwar ta daɗe da sanin irin wannan yini. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma a 1913 Turawan mulkin mallaka suka keɓe Sabon Gari a wajen ganuwa, daf da Fagge, domin baƙin da suka biyo layin dogo: akawuna da leburori da 'yan kasuwa daga Kudu. A nan majami'u suka kafu, kasuwa ta bunƙasa a gefensu. A Mayun 1953 aka yi rikici tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu. A 1966 aka yi kashe-kashen da suka sa dubban Ibo tserewa gida, yaƙin basasa ya biyo baya. A Oktoban 1991 shirin zuwan mai wa'azin nan Bajamushe, Reinhard Bonnke, ya haddasa tarzomar da ta ci rayukan ɓangarorin biyu. Ranar 18 ga Maris 2013 kuwa bam ya tashi a tashar motoci ta New Road.

Mai bi da ya ratsa waɗannan shekaru ba zai rasa tambayar inda Allah yake ba, kuma Littafi Mai Tsarki bai hana shi yin ta ba. Ayuba, wanda Musulmi ma suka sani da haƙuri, ya rasa dukiya da 'ya'ya a rana ɗaya. Abokansa sun zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, da suka buɗe baki kuwa sai suka ɗora masa laifi. Allah bai yi masa magana ba sai a sura ta 38, kuma ko a nan bai faɗa masa dalilin wahalarsa ba. A zamaninmu, wasiƙun Uwa Teresa ta Kalkata da aka buga a 2007 sun nuna cewa ta shafe kusan shekara 50 ba ta jin kusancin Allah a zuciyarta, amma ba ta fasa tashi da asuba ta yi addu'a ta kula da marasa lafiya ba.

Abin da tarihin Sabon Gari ya nuna ke nan: sau da yawa bangaskiya a nan takan bayyana ne a dawowa. Da yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, Ibo da dama suka sake hawo jirgi zuwa Kano, suka buɗe shaguna, suka cika kujerun majami'un da suka bari. Wasu ba su dawo ba, kuma ba wanda zai zarge su. Waɗanda suka dawo sun yi hakan ne ba tare da an ba su amsa ko tabbacin zaman lafiya ba.

Washegarin gobarar 2016 aka yi sujadar Ista a majami'un unguwar, kasuwa tana toka. Yau kasuwar tana ci, Musulmi da Kirista na ciniki a layi ɗaya.