Gonakin bareyi a Amurka: Yadda maharba ke noma domin dabbar daji, da taƙaddamar da ke tattare da shi

A sassa da dama na Amurka akwai gonakin da ba a girbe su. Mai fili zai gwada ƙasa, ya yi huɗa, ya zuba taki, ya shuka waken suya, masara, alkama ko ganyaye dangin kabeji, sannan ya bar wa bareyi su ci. Manufarsa ita ce dabbobin su saba da wurin, su yi ƙiba, har ranar da za a buɗe lokacin farauta.

Wace irin barewa ce?

Dabbar da aka fi yi wa wannan hidima ita ce barewa mai farar wutsiya. Ta bambanta da barewar Sahel, domin namijinta kaɗai ke da ƙaho, ƙahon kuma mai rassa ne. Yakan faɗi a ƙarshen hunturu, sabo ya tsiro a cikin 'yan watanni. Girmansa ya dogara da abu uku: shekaru, abinci da gado. Namiji ba ya cika ƙasaita sai ya kai shekara 5 zuwa 6, shi ya sa maharba ke ƙyale ƙanana su girma.

Yadda ake tsara gonar

Yawanci gona biyu ake yi. Babba tana ciyar da garken a tsawon shekara, musamman lokacin da mata ke shayarwa, maza kuma ke fitar da ƙaho. Ƙarama, wadda wani lokaci ba ta kai eka ɗaya ba, ana ɓoye ta kusa da kurmin da dabbobin ke kwana, domin tsohon namiji ba ya son fitowa sarari da rana. Maharbi yakan kafa dandamali a kan bishiya, yana la'akari da inda iska ke kaɗawa don kada dabbar ta ji ƙanshinsa. Ana kuma ɗaura kyamarori a jikin itatuwa domin sanin wanda ke zuwa da lokacin zuwansa. A jihohin arewa an fi samun sa'a a watan Nuwamba, lokacin barbara, sa'adda maza ke rage taka-tsantsan.

Wannan tsari ya bazu ne bayan kafa ƙungiyar Quality Deer Management Association a jihar Karolina ta Kudu a 1988. Ta yi kira da a bar ƙananan maza, a riƙa harbin mata gwargwado don kada garke ya fi ƙarfin abincin daji.

Daga dab da ƙarewa zuwa miliyoyi

A wajajen 1900, farautar kasuwa da sare dazuzzuka sun rage bareyin zuwa ƙasa da 500,000. Dokar Lacey ta 1900 ta haramta safarar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha. A 1937 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a Dokar Pittman-Robertson, wadda ta ware harajin bindigogi da harsasai, a yau kashi 11 cikin 100 a kan bindigogin farauta, domin kula da namun daji. Sharaɗinta shi ne jiha ba za ta karkatar da kuɗin lasisin farauta zuwa wani aiki ba. A yau an ƙiyasta yawan bareyin da kusan miliyan 30.

Inda gizo ke saƙar

A dokar Amurka namun daji amanar jama'a ce a hannun gwamnatin jiha, ƙa'idar da ta samo asali daga hukuncin Kotun Ƙoli na 1842 a shari'ar Martin da Waddell. Jiha ce ke yanke lokacin farauta da adadin da mutum zai harba. Sai dai filin da dabbar ke kiwo yana iya zama na mutum ɗaya. A Texas sama da kashi 90 cikin 100 na ƙasa mallakar ɗaiɗaikun mutane ne, kuma mai son farauta yakan biya haya. Wasu masu filin ma suna kewaye shi da doguwar waya. Masu suka na ganin gonakin suna janye dukiyar kowa zuwa gonar mai kuɗi, a bar talakan maharbi da dajin gwamnati mai cunkoso. Masu goyon baya kuwa na cewa kuɗin aljihunsu suke kashewa, sauran namun daji da tsuntsaye ma suna amfana.

Akwai kuma batun cuta. Wata cuta mai lalata ƙwaƙwalwar bareyi, wadda aka fara ganowa a Kolorado a 1967, tana yaɗuwa ta miyau da fitsari, kuma ba ta da magani. Saboda haka jihohi da dama sun hana zuba tsabar masara a wuri guda domin jawo dabbobi, amma sun halatta shuka gona, bisa hujjar cewa a gona dabbobin ba sa cunkusuwa sosai. Inda ya kamata a ja layi tsakanin biyun shi ne abin da majalisun jihohi da hukumomin namun daji ke ci gaba da muhawara a kai.