Awon Ruwa a Ƙasar Sabiyal, Daga Gaba Zuwa Na'ura

Tun kafin a san famfo a ƙasar Aliero, mutanen Sabiyal da maƙwabtansu na Jega da Maiyama suna da nasu ilimin awon ruwa, domin mahaƙin rijiya da gaba yake ƙidaya zurfinta, mai jan guga kuwa yana gane ruwa ya yi ƙasa cikin bazara daga igiyar da ya ƙara ɗaurawa. Malamai kuma, bisa mazhabar Malikiyya, sun karantar da kowane almajiri cewa ruwan da najasa ta jirkita launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko warinsa, bai halatta a yi tsarki da shi ba. Ido da harshe da hanci su ne ma'aunan farko, kuma sun yi wa jama'a hidima ƙarni bayan ƙarni.

Sai dai akwai cutar da gaɓoɓin nan uku ba su riska, wadda takan ɓuya a cikin ruwa garai-garai. Da likitoci suka tabbatar da haka, aka soma zuba sinadarin kulorin a ruwan birnin Jasi na Amurka a 1908, sa'an nan a Arewa aka buɗe gidan ruwa na Challawa a Kano a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Tun daga nan aikin ya koma na lissafi, gama wanda ya ga yadda Gulbin Zamfara yake yin jawur a Jega cikin Agusta, ya kuma ga yadda yake kwantawa da rani, ya san alam ɗin da zai kwantar da laka yau ba shi zai isa gobe ba. Kulorin kuwa in ya gaza bai kashe cuta, in ya yi yawa mutane su ƙi sha su koma kududdufi. Saboda haka manyan gidajen ruwa na zamani suke dasa na'urori masu auna gurɓata da gudun ruwa da cikar tanki, suna aika labari zuwa kwamfuta dare da rana.

Rabon karkara ya zo ta wata hanya: rijiyar siminti a zamanin En'e, sa'an nan burtsatse mai tuƙa-tuƙa, yau kuma mai aiki da hasken rana da tanki a bisa. A nan ne, a ganina, aka yi sakaci, domin sau da yawa akan kafa inji ba tare da 'yar na'urar da za ta kashe shi in ruwa ya janye ba, sai ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone, gari ya koma ga guga. Ina roƙon masu tsara ayyukan ruwa a Jihar Kebbi, duk rijiyar da za su haƙa a Sabiyal ko wani gari, su sa kuɗin ma'auni cikin kasafinta tun farko, su kuma horar da ɗan garin da za a danƙa wa amanar duba shi.