Kalmar da Aka Haifa a Gaban Alƙali

Duk wanda ya taɓa sayayya a intanet ya ci karo da kalmar Ingilishin nan, category: takalma a nan, wayoyi a can. Da Hausa mukan ce rukuni. Mu masu rubuta manhaja kullum muna tare da ita, har mun ɗauke ta tamkar kwandon ware kaya. Sai dai in aka bi salsalarta, a wurin shari'a za a tsaya.

A tsohon Girkanci, kategoria na nufin tuhuma. An gina ta daga kata, wato "a kan", da agoreuein, yin magana a bainar jama'a, wadda ta samo asali daga agora, dandalin taro kuma kasuwar gari. Da aka gurfanar da Socrates a Atina a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, kategoroi ake kiran waɗanda suka kai ƙararsa.

Aristotle ne ya fito da ita daga kotu. A wurinsa, kategoria ita ce duk abin da za a iya faɗa game da wani abu, ya kuma lissafa iri goma, ciki har da zati, adadi, siffa, dangantaka, wuri da lokaci. Da aka fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, sai aka sa masa suna al-Maƙulat, abubuwan da ake faɗa. Ta hanyar Latin kalmar ta shiga Ingilishi a ƙarshen ƙarni na 16, a bakin masana falsafa, kafin ta zama ta kowa. A 1945 Samuel Eilenberg da Saunders Mac Lane suka raɗa wa wani sabon reshen lissafi suna da ita, reshen da yaren manhaja na Haskell ya ci gajiyarsa.

Har yau ba ta rabu da ƙanshin kotu ba. Idan muka tsara fom ɗin neman rance muka ce a zaɓi sana'a ɗaya, ina za mu ajiye mutumin da yake noma da damina, fatauci da rani, kuma yana karantar da yara da dare? Akwatin da ya zaɓa shi kwamfuta za ta duba ta yanke hukunci. Mutanen Atina sun bai wa Socrates damar kare kansa. Fom ɗinmu ba ya bai wa manomin nan, kuma mu muka rubuta shi.